Jan Ƙarfe a Bangon Inna

Gonar Inna ruwa ne ya kawo ta. Lokacin da nake yaro wurin fako ne, jan dutse da tsakuwa, ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Wani kwazazzabo ya ratso shi daga gindin tsauni, kowace damina yana ƙara faɗi, yana kwashe ɗan abin da ya rage na ƙasa yana kai wa mutanen gangare. Sai furoje, wani babban aikin raya ƙasa, ya zo yankinmu na Keita, aka ce za a tare ruwa. Maza duk sun tafi bida, wato neman kuɗi, wasu Abijan wasu Legas, don haka mata ne suka yi aikin, Inna na cikinsu. Dutse take ɗauka a ka tun hantsi har la'asar, ana zubawa cikin wasu manyan kejuna na waya da ake kira gabiyo, ana jera su wani bisa wani har suka zama bango a bakin kwazazzabon. Ruwa ya zo ya tarar da bango, ya tsaya, ya sauke laka da yashin da ya ɗauko, ya tsiyaye ta tsakanin duwatsu ya wuce abinsa. Shekara bisa shekara ƙasa ta taru a bayan bangon har ta cimma tsayinsa. Babanmu ya riga ya rasu a lokacin. Mai gari ya ce wanda ya ɗauki dutse shi ke da ƙasar da dutsen ya tara, aka yanka wa Inna nata rabon daidai bayan bangon.

Da dawar wannan wuri aka ciyar da mu. Mu biyu ne maza, ni da Yaya. Shi ne na fari, ni ne auta, matan da ke tsakaninmu duk aure ya watsa su. Da aka zo neman yaran lakwal, makarantar boko, ni aka miƙa, saboda ba ni da ƙarfin da za a yi kewarsa a gona. Yaya ya zauna da hauya, rani ya yi ya tafi bida, damina ta kawo kai ya dawo. Ni kuwa na bi karatu har na zama mushe, kamar yadda muke ce wa malamin lakwal, ina koyar da darussan kimiyya, fizik da shimi, na daɗe a Buza sannan aka mayar da ni Madawa. Ba zan ce aikin ya ƙi ni ba, amma na gaji da shi. Ka tsaya gaban yaran da suka cika aji har bakin ƙofa, kana zana musu a allo abin da ya kamata su taɓa da hannu, ba kwalba ba ma'auni, su kwafe, su haddace, su mayar maka ranar jarrabawa, su manta kafin su kai gida. Furfura ta cika mini kai a haka, kuma har yau in na shiga gida Inna auta take ce mini.

Abin da na sani, wanda na yi shekaru ina maimaita wa ɗiyan mutane, shi ne wannan. Gonar Inna bango ke riƙe da ita, bangon kuma waya ke riƙe da shi, don duwatsun ba siminti tsakaninsu. Wayar baƙin ƙarfe ce, kuma baƙin ƙarfe in ya haɗu da ruwa da iska tsatsa ce makomarsa. Abin da ya hana ta ruɓewa tun tuni shi ne an tsoma ta cikin narkakkiyar tutiya, irin farin abin nan da ke jikin kwanon rufi da bokiti. Rufin bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Amma tutiya na da wani hali: muddin tana manne da ƙarfe, damshi ita yake fara ci. Ko an karce wayar har ƙarfen ya bayyana, tutiyar da ke gefe ce za ta riƙa narkewa a hankali, ƙarfen yana nan lafiya. Sai ta ƙare tukuna tsatsa ke samun hanya.

Na saba zuwa gida da babban hutu, cikin damina, lokacin da ganye ya rufe komai. Wata shekara wani sha'ani ya kai ni da bazara, ana tsakiyar sassabe. Na sauka daga kabu-kabu na hango hayaƙi a gangaren gonarmu, na ajiye jaka na nufi can. Na tarar Yaya ya tattaro kututturen kara da ƙaya da duk tarkacen da ruwan bara ya jibge, ya tura su jikin bangon, ya cinna wuta. Harshen wutar na lasar wayar daga ƙasa har sama. Inda ta riga ta wuce na ga wani farin gari mai ɗan rawaya ya kwanta a kan duwatsu, wayar kuma ta koma baƙa ƙirin. Wannan garin tutiyar ce ta ƙone.

Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba. Na ce, "Yaya, mi kaka yi haka? Kashe wutag ga."

Ya dube ni, ya dogara da sandar da yake tura karan. "Sannu da zuwa, mushe. Ka iske mu lahiya."

Na mayar da gaisuwa a gurguje, na ce wutar na cinye rufin wayar.

Ya ce, "Ƙarhe na. Wutak kara ba ta cin ƙarhe. Ko maƙeri sai ya yi zuga."

Ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa baƙo. Jikin bango iska ba ta ɗaukar wuta ta kai gonar maƙwabci. Cikin duwatsun nan macizai da gafiyoyi ke kwana, hayaƙi ne kawai ke korarsu, kuma tsohuwarmu ce ke yawo a wurin da ƙafa ba takalmi. Tarkacen ma ruwa ya riga ya tara shi a nan, wa zai kwashe shi ya kai wani wuri don ya ƙona? Na ɗaga kai na duba kwarin, duk inda bango yake hayaƙi na tashi a jikinsa. Kowa haka yake yi, kuma an daɗe ana yi, ni ne dai ban taɓa zuwa a kan lokacin ba. Babu ɗaya cikin dalilansa da zan ce ƙarya ne, wannan ya ƙara ba ni haushi.

Na ce masa ba narkar da ƙarfen nake tsoro ba. Tutiya ba ta jure zafi, ita ke tafiya. Sannan wayar da ta yi ja a wuta ta huce a hankali laushi take yi, ta riƙa miƙewa in nauyi ya danne ta. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce Allah shi ƙara ilimi. Ya ɗauki sandarsa ya ci gaba da tura kara.

Daminar da ta biyo baya wayar ta yi ja. Wadda ta biyo ta, ta fara ɓarewa in ka murza da yatsa. Duk zuwan da na yi sai na gangara na duba, in dawo in yi magana, a ce to. Yaya ya daina ƙona tarkace a jikin bangon daga baya, ba tare da ya ce don maganata ba ne, amma abin da ya tafi ya tafi. Idanun kejin suka fara tsinkewa nan da can, musamman ƙasa inda laka ke riƙe damshi. Bangon ya turo ciki a tsakiya. Inna da kanta ta lura, ta ce mini wata rana, muna zaune tana tsince wake, "Auta, bangon nan shina son hannu."

Na koma Madawa na shiga neman waya. Na je ofishin masu furoje, aka karɓe ni da mutunci, aka ce aikin wancan ɓangaren an daɗe da rufe shi, gyara na mutanen gari ne. Na zaga kasuwa, duk wadda aka nuna mini siririya ce, ta shanya tufa, rufinta na goguwa da farce. Da kyar wani mai kai albasa Kwanni daga Galma ya samo mini naɗi guda na mai kauri, mai rufin kirki. Na ajiye ta ƙarƙashin gado ina jiran hutu, matata tana mita tana buga ƙafa da ita. Da aka tashi lakwal na ɗaura ta bisa motar kasuwa, muka bi ta Azarori muka hau hanyar Buza, ana sauke mu ana tura mota a kowane rairayi. Na isa gida gaɓoɓina duk sun saki, amma raina fari, don a ganina na zo da maganin abin.

Tun daga ƙofar gida aka tare ni da labari. Matar Yaya ta ce, "Mushe, sai ka tahi ka ga aikin yayanka. Gari duk ya zo kallo."

Na gangara da la'asar. Rana ta karkata tana dukan bangon, yana ta walƙiya ja-ja-ja daga wannan bakin zuwa wancan. Yaya ya bi duk inda waya ta tsinke, da duk inda ta yi alamar tsinkewa, ya ɗaure da jan ƙarfe. Aiki ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Kowane ɗauri ya murɗe shi tsaf, ya lanƙwasa bakin ciki don kada ya yanki ƙafar kowa. Ranin nan duka a wurin masu gyaran injin ruwa ya yi shi a can bakin teku, yana kwance wayar injinan da suka ƙone, yana zaɓar masu kauri yana miƙarwa. Abokan tafiyarsa sun dawo da atamfa da rediyo, shi ya dawo da buhun jan ƙarfe, ya sha tambaya a kowane shinge, ya ɗauko shi a kafaɗa daga bakin hanya har gida.

Yana tsaye a bayana yana jiran abin da zan ce. Ya ce, "Kac ce tsatsa. To ga wanda tsatsa ba ta ci. Munduwar kakarmu jan ƙarhe ta, hal yau tana nan."

Da ya ɗaure da igiyar kaba ma da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ne jan ƙarfe ba ya tsatsa. Amma ƙarfe iri biyu in suka manne cikin damshi sun zama batir, irin wanda ake sa wa tocila, ɗaya na ci ɗaya ana cinsa. In tutiya ce da baƙin ƙarfe, tutiya ake ci. In baƙin ƙarfe ne da jan ƙarfe, baƙin ake ci, kuma da sauri fiye da in an bar shi shi kaɗai. Wato duk inda Yaya ya sa hannu don ya ƙarfafa wayar, nan ne za ta fara yankewa. Kuma ya sa hannu ko'ina.

Na faɗa masa. Na yi ƙoƙarin sassauta murya, ban san ko na iya ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wuta ba ta yi ba, jan ƙarhe bai yi ba. Kai dai duk abin da nit taɓa bai yi ba." Ya juya ya hau gangaren, ni na bi shi a baya.

Na ce a raina surutu ya isa, bari in nuna. Washegari na ɗauki ƴan kofunan gilashi na shayin Yaya guda uku, na zuba ruwa da ɗan gishiri da lakar gonar. Na goge ƙusa uku da yashi har suka yi fari. Ɗaya na jefa ta haka nan. Ɗaya na naɗe ta da guntun jan ƙarfensa. Ta ukun na fasa tsohon batir na yanko ɓawonsa, wanda tutiya ne, na naɗe ta da shi. Na jera su bisa katangar rumbu na ce kada kowa ya taɓa. Kwanakin nan Yaya a kofin roba ya sha shayi, kuma duk wanda ya zo hira sai ya nuna masa katangar ya ce mushe ya buɗe lakwal a gida, ƙusoshi ke karatu.

Da lokaci ya yi na sauko da su gaban Inna da Yaya da matarsa, bayan an ci abincin rana. Kofin farko ruwan ya yi ja kaɗan. Na tutiya wani farin abu ya kwanta a ƙasa, ƙusar tana nan fes. Na jan ƙarfe kuwa ruwan ya koma kamar kunun kanwa, ƙusar ta yi ƙuraje, ta rame daidai inda wayar ta naɗe ta. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun gwajin da ya fito sarai haka ba, har na ji wani daɗi na yarinta.

Yaya ya sa yatsu ya tsamo ta, ya warware jan ƙarfen, ya goge shi da bakin riga, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. "To diba. Ko ɗigon tsatsa babu gare shi. Ƙusarka ta ta banza."

Matarsa ta yi dariya, ba da mugunta ba. Abin da na kawo shaida shi ya ɗauka ya mayar nasa, kuma idonsa bai yi masa ƙarya ba, jan ƙarfen na ƙyalli. Na ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya har gwiwa, irin wadda nake ji in na gama darasi na tambayi aji wa ya gane, kowa ya ɗaga hannu, in duba takardunsu in ga ba wanda ya gane.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu aka ba ta ƙusar, ta murza ta tsakanin yatsu, ta duba jan da ya ɓata mata hannu. Ta ce a ba ta ta tutiyar ma, ta murza, ta jera su a tafinta ta daɗe tana kallo. Ta bari sai da Yaya ya tashi ya tafi masallaci, matarsa ta shiga ɗaki.

Ta ce, "Wagga da anka naɗe da ja, ita ta bangona ke nan."

Na ce ita ce. Na ce na zo da waya mai kyau, in ta ba ni izini in samu mutum biyu mu kwance jan ƙarfen mu ɗaure da ita, kafin ruwa ya yi ƙarfi.

Ta ce, "A'a."

Na ce, "Inna, kin gani da idonki."

"Na gani. Ban makance ba." Ta ajiye ƙusoshin a gefen tabarma. "Ƙane ba ya kwance abin da wa yaɗ ɗaure, gari na kallo. Kai kana da allo, kana da ɗiyan mutane suna tashi tsaye in ka shigo. Shi wanga bango shika da. Ka kwance mai shi, ka koma Madawa, ni ka bar ni da wa?"

Na ce to gonar fa?

Ta ce, "Gona tawa ta. Kak ka taɓa."

Na yi fushi, ba zan ce ban yi ba. Na fita na zaga bayan gari har rana ta faɗi. Na yi tunanin in gangara ni kaɗai in ƙara tawa wayar bisa tasa ba tare da na kwance komai ba, amma ko wannan ma kowa zai gani, kuma ma'anarsa ɗaya ce. Na sake gwada Yaya shi kaɗai, na ce mu haɗa hannu, a ce shi ya ga ya dace a ƙara. Ya ce aikinsa ba ya son ƙari. Naɗin wayar da na sha wahalar kawowa ya yi ta zama a zaure, daga baya na zo na tarar an yi wa awaki shinge da shi. Shingen na nan har yau, ko ɗigon tsatsa babu.

Daminar nan ta wuce bango bai faɗi ba. Dawa ta yi kyau. Yaya ya aiko mini da dami har Madawa, da saƙon cewa a gaida mushe, a ce masa bango na gaishe shi. Wata daminar ma ta wuce. Na fara fatan in zama maƙaryaci, wallahi da gaske nake fatan haka, don ba abin da zan ci da gaskiyar. Amma in na je gida ina gangarawa in tsuguna, in kau da laka da yatsa, in ga yadda baƙar wayar ke sirancewa a gindin kowane ɗauri. Na daina magana. Inna na ganina in na dawo daga gangaren, ba ta tambaya, ni ma ba na faɗa.

Ranar da abin ya faru ina gida, farkon hutu ne. An yi shuka, dawa ta fito ta kai tsawon tafin hannu. Hadari ya haɗu bayan azahar ta gabas, ya sauke ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai daɗe sosai ba ya ɗauke. A ƙasarmu ba ruwan da ya zubo a kanka ne abin tsoro ba, wanda ya zuba bisa tsauni ne, don dutse ba ya sha. Muna tsaye ƙofar gida muka ji ƙugin kwazazzabo yana tahowa. Ni da Yaya muka nufi gangaren da gudu-gudu, muna zamewa a taɓo.

Mun isa ruwa ya riga ya shafe gonar, yana zuba ta saman bangon, jajir. Haka yake yi kowace shekara, bangon na ɗauka. Muka tsaya a tudu muna kallo. Sai na ga tsakiyar bangon ta motsa. Ba wata ƙara mai yawa, ruwan ya rufe komai. Kejin ƙasa ya buɗe, duwatsun suka zubo, na samansa ya zauna cikin ramin ya buɗe shi ma. Ruwa ya samu ƙofa. Daga nan ƙasar da ke baya ta fara bi, gaɓa na karyewa tana faɗawa, wata na karyewa a bayanta, da layukan dawar a kai, ramin na cin gonar yana hawa sama. Ba abin da mutum zai yi. Mun tsaya har ruwan ya ja baya, rigunanmu sun manne a jiki.

Da safe muka koma. Kwazazzabon ya koma inda yake tun ina yaro, har ya fi da zurfi. Abin da ya rage na gonar ɗan siriri ne a kowane gefe, ƙarƙashinsa kuma jan fakon nan ya fito. Ragowar kejin na rataye a gaɓa. Ɗaurin Yaya duk suna nan, ko ɗaya bai kwance ba, ruwa ya wanke su suna ƙyalli. Cikin kowane ɗauri akwai ɗan guntun baƙar waya, bakinsa ya yi tsini kamar allura. Yaya ya kama ɗaya ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallon tsinin. Na matsa gefe na ba shi baya, don ban so ya ɗaga kai ya ga fuskata ya yi zaton ina jiran wata magana. Tausayinsa ya kama ni.

A hanyar komawa shi ya fara magana. Ya ce duwatsun ba su yi nisa ba, suna nan warwatse a gangare, in an yi gayya za a tattaro. Ya ce, "Wayar nan taka, ana samun irinta?" Na ce ana samu. Na ce amma ƙasar ba a rana ɗaya ta taru ba. Ya ce ya sani. Ya ce gefen da ya rage dai a sake shuka shi yanzu, damina da sauranta, ko ba komai tsohuwa ta ga kore. Na ce haka ne. Rabon da mu yi magana mai tsawo haka ba gardama har na manta.

Inna ba ta gangara ba, kuma ba ta tambaye mu abin da muka gani ba. Mata sun riga sun shigo mata jaje tun da sassafe. Muka same ta zaune a inuwar rumbu, muka tsuguna. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta ce Allah ya kawo, Allah ya ɗauka, ta ce ya tashi ya canza riga, tasa ta ɓaci da taɓo. Ya faɗa mata shawararmu, ta gayya da sabuwar waya da sake shuka. Ya ce ta ba shi sauran iri, gobe da sassafe mu biyu za mu shuke gefen.

Inna ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga ɗakinta, muka ji tana jan abu. Ta fito da zangarniyar dawa ɗaure da tsumma, baƙi-baƙi da hayaƙin ɗaki, manya-manyan kai waɗanda take zaɓa da hannunta kowace kaka ta rataye saboda irin wannan rana. Yaya ya miƙa hannu biyu. Ta wuce shi, ta kira matarsa.

"Ungo. Sussuke, ki surhe, ki yi muna tuwo."

Matar ta tsaya da zangarniyar a hannu tana kallon mijinta. Yaya ya ce, "Inna, iri na."

Ta ce, "Na sani. Ni niɗ ɗaure shi." Ta koma ta zauna, ta miƙe ƙafafu. "Na gaji, ɗiyana. Ku ku yi abin da kuka iyawa da wurin. Ni na gama."

Muna zaune muka ji sakin taɓarya a bayan ɗaki. Kafin magariba aka kawo tuwon da miyar kuka, Inna ta ce a zuba mana ni da Yaya a kwano ɗaya, a ajiye a gabanta inda take ganinmu. Muka wanke hannu muka sa. Dawa ce mai kyau, tuwon ya yi danƙo ya yi daɗi. Yaya ya yi loma biyu ya tsame hannu, ta ce ya mayar. Ya mayar, muka ci har muka ga gindin kwanon.